Jini Kamar Tiyo Ya Fashe: Amsar Wasiƙunku Kan Finafinan Japan Masu Arha

Assalamu alaikum. A fitowar da ta wuce na ambata, cikin layi biyu kacal, cewa akwai wasu finafinan Japan na ƙaramin jari waɗanda ake daddatsa mutum a ciki 'yan kallo kuma suna ƙyaƙyata dariya. Ashe gidan rina na taɓo. Wasiƙu suka yi ta shigowa, wasu na tambaya, wasu na faɗa, mutum ɗaya ma cewa ya yi in tuba. Na zaɓi shida, na rage wa masu tsawo tsawo, sunaye kuma na ɓoye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Kawu, barka da aiki. Abokina ya turo min wani guntun bidiyo a waya. Yarinya ce da kayan makaranta, an ɗaura mata bindiga a inda hannunta ya guntule, tana ta harbi, jini na tashi sama kamar an fasa bututun ruwa. Abin da ya ɗaure min kai, sai na tsinci kaina ina dariya. Fim ɗin Cainis ne? Kuma ni lafiyata ƙalau kuwa? (Daga wani ɗalibi)

AMSA: Ɗana, lafiyarka lau, kuma ba Cainis ba ne. Mu dai duk fim ɗin da aka daki wani da ƙafa a ciki Cainis ne a wurinmu. Wannan na Japan ne, sunansa The Machine Girl, ya fito a 2008, daraktansa Noboru Iguchi. Labarin bai fi a faɗe shi a numfashi ɗaya ba. Wata 'yar sakandare ce mai suna Ami, wasu yaran banza suka kashe ƙanenta, jagoransu kuwa ɗan gidan yakuza ne, wato manyan 'yan daban Japan masu tsari da shugabanni. Ta fita ɗaukar fansa, aka kama ta aka sare mata hannun hagu. Wasu mata da miji masu garejin gyaran mota, waɗanda su ma an kashe musu ɗa, suka ƙera mata bindiga suka ɗaura a dungulmin. Sauran fim ɗin duk ramuwa ce. Akwai ma wurin da uwar ɗaya daga cikin yaran ta kama hannun Ami ta tsoma cikin ƙullun fulawa, ta tura shi cikin tafasasshen mai, ya fito a soye kamar tempura, wani soyayyen abincinsu. Wanda ya rubuta wannan ai ba kuka yake nema daga gare ka ba.

Ga dalilin dariyarka. Jinin da ke jikin babban mutum kimanin lita 5 ne kacal. A wannan fim kuwa, in aka sare wuyan mutum ɗaya, abin da zai fito ya isa a wanke mota, yana feshi har rufin ɗaki, shi kuma mai wuyan yana tsaye yana ta kakkarwa, ya ƙi faɗuwa. Idonka ya gane ƙarya ce tun kafin ka gama tunani, ƙaryar kuwa da ta kai nan ba ta tsorata kowa.

Na gwada wannan a kaina. A fim ɗin Takashi Miike mai suna Audition, na 1999, 'yar wasa Eihi Shiina ta fito da allurai da siririyar waya, tana magana a hankali kamar mai lallashin jariri. Jinin da aka nuna kaɗan ne, amma daren nan da fitila a kunne na kwana. Ita dai wannan matar ce jarumar Tokyo Gore Police na 2008, inda ta sare hannuwan wani ɗan iska, jini ya yi ta zubowa daga sama, ta buɗe laimarta ta yi tafiyarta. Na kalla, na kwanta, uwargida ta ce har da minshari.

Tushen abin kuwa talauci ne. Jinin The Machine Girl da na Tokyo Gore Police hannun mutum ɗaya ya fito, Yoshihiro Nishimura, maƙerin gaɓoɓin roba. Shi ya haɗa wa Iguchi kayan aiki, shi kuma ya ba da umarnin Tokyo Gore Police da kansa, aka ɗauke shi cikin kimanin mako biyu. Mai mako biyu da ɗan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, kan robar da zai ƙera dole ya yi kama da roba. To ko dai ya ɓoye shi cikin duhu yana fatan ba za a lura ba, ko ya fito da shi tsakiyar haske ya buɗe famfo. Su Nishimura famfon suka buɗe. Da aka ga mutane na dariya maimakon tsaki, sai gazawar ta zama salo.

Kuma 'yan kallon Japan sun daɗe da sabawa da ganin hannun mai sana'a. A wasan kwaikwayonsu na gargajiya, kabuki, akwai ma'aikata da ake kira kuroko, sanye da baƙaƙen kaya, suna yawo a kan dandamali suna gyara wa 'yan wasa tufafi da kayan wasa a gaban kowa, an dai yi yarjejeniya cewa ba a gan su ba. Dodonsu Godzilla na 1954 mutum ne cikin rigar roba yana tattake 'yan ƙananan gidajen da aka ƙera. Shi kansa feshin jinin nan yana da kaka: ƙarshen fim ɗin Sanjuro na Akira Kurosawa, 1962, inda jarumai biyu suka tsaya shiru suna kallon juna tsawon lokaci, sara ɗaya, sai jini ya yi tsartuwa daga ƙirjin ɗan wasa Tatsuya Nakadai kamar an cire toshiyar madatsa. Labarin da ake bayarwa shi ne mahaɗar tiyon ce ta kuɓuce, ruwan ya fito da ƙarfin da ba a shirya ba, Kurosawa ya duba ya ce a bar shi haka.

TAMBAYA: Malam, don Allah jinin nan na gaske ne? Yayata ta ce dabbobi suke yankawa su tara, wani kuma ya ce min akwai waɗanda mutane ake kashewa da gaske a ɗauka. (Daga wata amarya)

AMSA: Amarya, ki gaishe da yayarki, ki ce mata ko kaza ba a yanka ba. Jinin gaske ba ya yin aikin fim. Yana daskarewa cikin 'yan mintuna, ya koma baƙi-baƙi, ƙarƙashin zafin fitilun ɗauka kuwa ƙarninsa kaɗai ya isa ya kori ma'aikata. Abin da suke zubawa, wanda Japanawa ke kira chinori, haɗi ne na ruwa da kalar abinci da wani ruwan sukari mai kauri da ake yi daga masara. Na shafawa a jiki mai kauri ake yi don ya gangaro a hankali. Na feshi kuwa tsinkakke ne, kusan ruwa zalla, domin mai kauri ba ya wucewa ta siririyar roba.

Yadda ake yi: a ɗauki roba irin ta ƙarin ruwa a asibiti, a maƙala bakinta a wuyan rigar ɗan wasa, a bi da ita ta bayansa, ta fita ta ƙafar wando. Can gefe, inda kyamara ba ta gani, wani na tsugune da tanki mai matsin iska, irin na feshin magani a gona. Darakta ya daka tsawa, ya murɗa. In kuma kai za a sare, tun kwanaki kafin nan an zaunar da ɗan wasan, an shafe masa fuska da irin ƙullun da likitan haƙori ke ɗaukar awon baki da shi, an bar masa ƙofofin hanci biyu yana numfashi, an fitar da zubin fuskarsa, an zuba roba a ciki, an dasa gashi. Wahalar ita ce in aka fesa sau ɗaya komai ya jiƙe, ɗan wasa da bango da ƙasa, maimaitawa kuwa sai an wanke an busar. Mai ƙaramin jari ba shi da wannan lokacin. Shi ya sa za ki ga jini ya fantsamo a gilashin kyamara an ci gaba da ɗauka abinsu.

Ni ma na taɓa gwada haɗin, don in ga ko da gaske ne. Ja zalla na zuba, ya fito kamar tawadar malamin makaranta. Sai da na ɗiga shuɗi kaɗan da garin koko ya fara kama da jini. Na bar kwanon a bayan ƙofa na manta da shi. Da safe tururuwa ta yi layi tun daga taga har ƙarƙashin gado, uwargida kuwa kwana biyu ba ta amsa min gaisuwa da daɗi ba.

Maganar kisan gaske kuma, jita-jitar tana da asali. A 1985 aka fara wasu finafinan kaset a Japan masu suna Guinea Pig. Na biyunsu, wanda mai zanen labarai Hideshi Hino ya shirya, an yi shi ne da gangan don ya yi kama da gaske. A 1991 ɗan wasan Amurka Charlie Sheen ya ga kwafinsa, hankalinsa ya tashi, ya kai ƙara wurin FBI, hukumar binciken manyan laifuffuka ta ƙasarsu. Binciken ya mutu ne da aka ga bidiyon da ke nuna yadda aka ƙera gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya. Wannan ba na dariya ba ne ko kaɗan, kuma ba na ba kowa shawarar nemansa. Abin lura dai shi ne, su kansu masu jerin ba su daɗe a wannan hanya ba: a 1986 sun riga sun koma barkwanci, da labarin wani ma'aikacin ofis da duk abin da ya yi wa jikinsa ya ƙi mutuwa.

TAMBAYA: Yallaɓai, ni na san Japanawa da kunya da ladabi, kullum suna sunkuya wa juna. Ashe a ɓoye abin da suke so ke nan? (Daga wani direban babbar mota)

AMSA: Maigida, kada ka yanke wa mutum sama da miliyan 120 hukunci da aikin wasu 'yan tsiraru da ba su cika motarka ba. In ka tare mutum a titin Tokyo ka ambaci waɗannan finafinai, mai yiwuwa ya kalle ka ya wuce. Abin da ke cika sinimominsu zanen katun ne da labaran soyayya da na iyali. Katun ɗin Demon Slayer na 2020 shi kaɗai ya tara sama da yen biliyan 40, kuɗin ƙasarsu, a cikin Japan.

Ga abin da zai ba ka mamaki: kuɗin da aka yi The Machine Girl da Tokyo Gore Police da shi daga Amurka ya zo, daga wani kamfanin sayar da faifai mai suna Media Blasters. Baƙo ne ya yi odar kayan. Ka duba abin da ake cusawa a ciki za ka gane: ninja, geisha (matan da ke nishaɗantar da baƙi da kiɗa da rawa), yakuza, takobin samurai, sushi, kayan makaranta. Duk abin da Bature ke tsammanin gani in an ce Japan, an tattaro an zuba a tukunya ɗaya an kwarara jan ruwa a kai. Iguchi ya yi RoboGeisha a 2009, ya yi Dead Sushi a 2012, inda curin shinkafa da ɗanyen kifi ke tsiro haƙora yana tashi sama yana cizon mutane. Da aka ga kasuwa ta buɗe, kamfanin Nikkatsu, wanda aka kafa tun 1912, ya buɗe reshe na musamman a 2010 mai suna Sushi Typhoon ƙarƙashin furodusa Yoshinori Chiba, da nufin sayarwa a ƙetare. Sun fitar da 'yan finafinai kamar Helldriver da Mutant Girls Squad, cikin shekara biyu kuma abin ya lafa. Gidansu na gaskiya shi ne bukukuwan finafinai na tsakar dare, kamar Fantasia a Montreal ta Kanada, inda ɗaruruwan mutane ke kallo tare suna ihu suna tafi.

Ba zan ce duk holoƙo ne ba. A Tokyo Gore Police an sayar da rundunar 'yan sanda ga kamfani mai zaman kansa, ana katse labarin da tallace-tallacen ƙarya, murya mai daɗi tana tallar kisa kamar ana tallar sabulu. Fim ɗin ya fito ne shekara ɗaya bayan Japan ta fara mayar da hukumar gidan wayarta hannun kamfanoni a 2007, batun da ya yamutsa siyasarsu. Ina ganin Nishimura ya san abin da yake zungura. Shi ma ba a sama ya faɗo ba: tun 1995 ya yi ƙaramin fim da wannan tunanin, ya ci kyauta da shi a bikin finafinai na Yubari da ke Hokkaido.

Amma in gaskiya kake so, yawancinsu barkwanci ɗaya ne aka ja shi tsawon awa ɗaya da rabi. Minti ashirin na farko ka yi dariya, daga nan ka fara duba agogo. Dead Sushi sau biyu ina yin gyangyaɗi a kansa.

TAMBAYA: Malam, na kama ɗana ɗan shekara 13 yana kallon irin waɗannan a wayar yayansa. Na ƙwace wayar. Tsorona kada zuciyarsa ta ƙeƙashe ya zama mugu. Me zan yi? (Daga uwar yara huɗu)

AMSA: Hajiya, kin yi daidai, kuma su kansu Japanawa suna bayanki. Hukumar tace finafinansu, Eirin, tana da matakai huɗu: G na kowa, PG12 wanda ƙananan yara ke buƙatar jagorar iyaye, R15+ da R18+ waɗanda ba a barin wanda bai kai waɗannan shekaru ba ya shiga. Irin finafinan da muke magana a kai yawanci a biyun ƙarshe suke faɗawa. Ɗan shekara 13 a Tokyo a bakin ƙofa za a mayar da shi.

Ni abin da ya fi damuna ma ba jinin ba ne. Da yawansu cike suke da tsiraici da maganganun batsa da wulaƙanta mata da sunan wasa. Iguchi kansa a finafinan batsa ya fara sana'a, kuma hannun bai gama wankuwa ba. Dokar Japan, sashe na 175 na kundin laifuffukansu, al'aura ta sa wa ido, shi ya sa suke dusashe wannan wurin kawai su bar sauran. Guntun da ke yawo a waya na faɗa ne, cikakken fim ɗin kuwa ba abin da za ki so ya gani ba ne.

Batun zama mugu, Japanawa sun yi wannan muhawara da zafi a 1989, lokacin da aka kama wani mutum da ya kashe ƙananan yara mata huɗu a yankin Tokyo da Saitama, aka samu kaset sama da 5,000 a ɗakinsa. Jaridu suka yi caa a kan finafinan ban tsoro. Sai dai ƙasar da ke fitar da waɗannan finafinai tana cikin ƙasashen da kisan kai ya fi ƙaranci a duniya. Don haka kada ki kwana da fargabar kin haifi ɗan ta'adda. Yaro ne da ya ga abin mamaki.

Shawarata, bayan ƙwace wayar ki zaunar da shi ki tambaye shi me ya burge shi. In ya ce yana son sanin yadda aka yi kai ya faɗo, ki karanta masa amsar da na ba amarya a sama, tiyo da tanki da duka. Yayan nasa kuma, wanda ya ɗora abin a waya, shi ne ya fi cancantar faɗan.

TAMBAYA: Kawu, ka cuce ni. Ka yabi One Cut of the Dead, na ƙona data na sauke shi. Ɗaukar banza, kyamara na rawa, 'yan wasa na tsayawa suna kallon juna kamar sun manta magana. Minti 20 na kashe abina. Wannan ne gwanin naka? (Daga wata mai ɗinki)

AMSA: 'Yata, ba ki da laifi, domin ni ma abin da na yi ke nan a karon farko. Na kashe a wajen minti 25, na yi tsaki. Sai da wani abokina ya rantse min na koma. Ki koma. Wanda bai gani ba kuma yana son ya gani da sabon ido, ya tsallake sakin layi na gaba.

Minti 37 na farko ɗauka ɗaya ce ba yankewa: 'yan fim na shirya labarin gawawwaki masu tafiya a wata tsohuwar matatar ruwa da aka yi watsi da ita, sai gawawwakin gaske suka far musu. Duk abin da ya ba ki haushi yana nan. Sai sunaye su hau, ki ɗauka an gama. Daga nan ne fim ɗin ke komawa wata ɗaya baya, ya nuna miki wani darakta bawan Allah, wanda kirarinsa a sana'a shi ne sauri da arha da matsakaicin kyau, an ɗora masa shirin da za a haska kai tsaye a talabijin, ba damar tsayawa ko na daƙiƙa ɗaya. Kashi na ƙarshe sai a maimaita miki waccan ɗaukar ta farko daga bayan kyamara. Nan za ki ga dalilin kowane shiru. Wancan da ke tangaɗi kamar gawa, a buge yake da gaske, darakta ne ke tallafe da shi daga baya. Wanda ya fice da gudu ba dalili, cikinsa ne ya ɓaci. 'Yan wasan da suka tsaya suna surutu marar kai, an ɗaga musu allo ne daga gefe an ce su ja lokaci. A ƙarshe ƙarfen ɗaga kyamara ya karye, ma'aikata suka hau bayan juna suka yi tsani da jikinsu don a samu hoton ƙarshe daga sama. A wannan wurin, ni da na zo dariya, sai na ji ƙwalla.

Labarin yadda aka yi shi ma fim ne. Sunansa da Japananci Kamera o Tomeru na, wato kada a tsayar da kyamara. Shinichiro Ueda ya shirya shi da yen miliyan 3 cikin kwana 8, a ƙarƙashin wata ƙaramar makarantar koyon wasa a Tokyo mai suna Enbu Seminar, 'yan wasan kuwa ɗaliban bita ne da ba wanda ya san su. Waccan doguwar ɗauka sau 6 aka yi ta, a garin Mito na lardin Ibaraki. An fara nuna shi a Nuwamban 2017 a wata sinima mai kujera 84 a unguwar Shinjuku, na kwana 6 kacal. A 2018 aka kai shi bikin finafinan Asiya na Udine a Italiya, 'yan kallo suka miƙe tsaye suna tafi. Aka dawo da shi sinima biyu a Tokyo a watan Yuni, wanda ya gani ya gaya wa wani, har ya bazu ɗaruruwan sinimomi ya tara sama da yen biliyan 3. Ki lissafa: ribi dubu na abin da aka kashe. Faransawa ma sun sake yin nasu, wanda ya buɗe bikin finafinai na Cannes a 2022.

A duk jerin nan shi kaɗai ne nake iya yabawa ba tare da na yi ta kame-kame ba. Jinin akwai, gatari akwai, amma ƙazantar da na gargaɗi Hajiya a kai babu. Kuma shi ne ya juya kyamara ya nuna mutumin nan da ke tsugune a gefe da tanki, yana jiran a daka masa tsawa. Saura minti 17 ki kai gaɓa, ki daure.

TAMBAYA: Kawu, na ga wani fim ɗin Japan mai suna Hausu. Da gaske a kan Hausawa aka yi shi? (Daga wani ɗan firamare, da taimakon babansa)

AMSA: Jikana, na so a ce haka ne. Kalmar Turanci ce mai nufin gida, Japanawa suka lanƙwasa ta. Harshensu kamar namu yake, ba ya son kalma ta ƙare a gimtse, sai ya liƙa mata wasali, yadda muka samu bokiti da burodi.

Fim ɗin na 1977 ne, na kamfanin Toho, daraktansa Nobuhiko Obayashi, wanda a lokacin tallace-tallacen talabijin yake yi. Kamfanin ya nemi abin da zai ja jama'a kamar yadda Jaws na Amurka ya yi, shi kuwa ya je ya tambayi ƙaramar 'yarsa Chigumi abin da ke ba ta tsoro, aka gina labarin a kan abin da ta faɗa. 'Yan mata bakwai ne suka je hutu gidan goggon ɗayansu a ƙauye, wata tsohuwa da ke jiran saurayinta da bai dawo daga yaƙi ba, gidan ya yi ta cinye su ɗaya bayan ɗaya. Piyano ya haɗiye mai kiɗa, katifu suka danne wata, wata kuma ta je rijiya ɗauko kankana ta jawo kan ƙawarta. Kakan duk waɗannan ne da muka yi ta magana a kansu, kuma sai ka girma tukuna, ka ji ko?

Bahaushe dai ko ɗaya babu a ciki. Kyanwa ce akwai, fara sol, kuma ita ce abar tsoron.